Gahawar Abu Nasir da Sunan Ɗan Yaya Haruna

Tun da na dawo hutu ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin kasuwar Gumel ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Injiniya, yaya Saudiyya?" Kafin in haɗiye kurɓin farko wani ya jefo tasa: "Wai da gaske ne biyanka ake yi don ka hana jirgi tafiya?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma kullum sai an sami wanda ya zo a makare ya ce a koma farko. Shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa in ci gaba da shan shayina.

Bari in fara da aikin, tunda shi ne abin dariyarku. Eh, gaskiya ne, hana jirgi motsi nake yi. A wurin da ake haƙo mai a teku, ƙasan ruwan cike yake da bututu, ba dama jirgi ya jefa ƙarfen tsayawa. Ga iska tana turawa, ga igiyar ruwa tana ja, ga dandamalin haƙo mai a gefe, wani lokaci tazarar ba ta wuce faɗin titi ba. To akwai na'urar da muke kira Di-Pi. Ita ke sauraron tauraron ɗan'adam da ma'aunin iska ta gane inda jirgi yake, sannan ta riƙa ba farfelolin da ke ƙarƙashinsa umarni, wannan ya tura kaɗan, wancan ya sassauta. Ni kuma ina zaune a gabanta ina tsaronta, don ran da ta ruɗe hannuna ne zai hana jirgi ya daki dandamali da mutane a kai. Kujerar nan tana da doka guda da ba a wasa da ita. Ba ka tashi sai wanda zai canje ka ya zo, ka yi masa bayanin komai, ya buɗe baki ya ce ya karɓa. Ko fitsari ne ya matse ka sai ka jira. Haka ma tafiya gida, ba ka sauka daga jirgi sai mai canjinka ya hau.

Wanda ya koya mini wannan aiki Yaya Haruna ne, mutumin Zariya. A tekun Fatakwal muka haɗu, lokacin ina ɗan Gumel da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, ina amai a bokiti yana riƙe mini kafaɗa. Daga baya ya sami aiki a Saudiyya, ya kai matarsa Anti Rabi birnin Riyad, inda ofishin kamfaninsu yake kuma inda kawunta yake zaune. Shi ya kai sunana kamfanin aka ɗauke ni aiki. Ran da ya kira ni daga jirgi bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Mansur, ka yi sauri," ya ce. "Rabi ta kusa sauka. Wanda ya kamata ya canje ni ya ajiye aiki, wa'adina ya wuce tuni. Kai kaɗai nake jira."

Shekara goma sha wani abu suka yi da aure ba haihuwa. Na san irin maganganun da suka sha, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Saboda haka tafiyar tawa ba neman abinci kaɗai ba ce, zuwa zan yi in sauko da mutum.

Daga Gumel na hau mota zuwa Kano. A tasha na karɓi saƙon Hajiya, mahaifiyar Yaya Haruna, da wani direban Zariya ya kawo: kayan jego ne, yaji da daddawa da man shanu da kanwa ta kunun mai jego, an ɗaure su a ƙullin zane kamar za a kai ƙauye na gaba. Jirgin saman da muka shiga cike yake da masu zuwa Umra. Tsohuwar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko wannan ne zuwana na farko Ɗakin Allah. Na ce mata aiki zan je a teku. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Allah Ya shirye ka, ɗana, ka zo har nan ka ce ruwa za ka." A Jidda suka sauka, ni na canja jirgi zuwa Riyad.

Jami'in da ya duba fasfona ya tambayi aikina, na gaya masa. Sai ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, su biyun suka kama dariya. Ɗaya ya nuna mini taga da biro, wai ina tekun yake, babu komai a waje sai rairayi har iyakar gani. Na bar su suka gama dariyarsu, don mai riƙe da hatimi ba a yi masa gardama. A wurin binciken kaya ne hankalina ya tashi. Suka kwance ƙullin Hajiya, warin daddawa ya bugi mai binciken har ya ja baya, sannan ya ɗago dunƙulen kanwa fari fat ya tsare ni da ido. Larabcina na Islamiyya ya gudu ya bar ni. Na yi alamar ciki, na yi alamar jariri, bai gane ba. Ƙarshe na ɓalli kanwar na jefa a baki na tauna a gabansa, idona har da ƙwalla. Shi ma ya ɗan lasa, ya tofar a takarda, ya ce, "Yalla, yalla," yana kore ni da hannu.

Kawu Garba ne ya tarye ni, wato kawun Anti Rabi, wani gajeren dattijo mai farar jallabiya da ya daɗe a can yana tuƙa motar kayan gwari. Hausarsa ta gauraye da Larabci har sai ka kasa kunne.

"Marhaban, ɗana, ka sha hanya. Yalla mu tafi, na bar sayyara a inda bai kamata ba, kada su rubuta mini tara."

Ya kai ni masaukinsa a Jaradiya, tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna. Ɗaki ɗaya ne babba da suke kwana shi da wasu direbobi 'yan gida, kowa da katifarsa da akwatinsa a gefen kai. Na'urar sanyaya ɗakin tana ƙara kamar injin niƙa, tana kuma ɗigar ruwa daidai inda aka shimfiɗa mini, sai da aka tara roba. Amma sun karɓe ni hannu bibbiyu, har wani ya bar mini matashinsa ya tada kai da jaka.

Abincin ma sai da na koya. Da safe wani faffaɗan burodi ne mai zafi da suke kira tamis, a dangwala shi da dafaffen wake. Da rana kabsa, wato shinkafa da kaza a babban faranti, a zauna a ƙasa a kewaye shi. Ranar farko na zauna ina ta leƙen ƙofa, Kawu ya ce me nake jira. Na ce miya. Ɗakin ya ɗauki dariya, wani ya ce in na ga miya a kan kabsa in kira shi ya ɗauki hoto. Ranar Juma'a kaɗai ake tuƙa tuwon garin alkama da miyar kuka, kuma ranar ba ka jin maganar kowa sai an suɗe tukunya.

Makonni na yi ina zaryar ofis ina jiran iƙama, wato katin izinin zama. Kullum amsa ɗaya ce, "Bukra, in sha Allah," gobe ke nan. Ni kuwa kun san ni, ba ni da haƙuri ko na sisi. Ran nan don in sassauta wa jami'in ofishin rai na gaishe shi irin ta gida, na haɗa Larabcina na tambayi lafiyar uwargida. Fuskar mutumin ta canja, Kawu ya mintsine ni a cinya. A waje ya ce mini a nan ba a tambayar mutum matarsa, sai dai a ce yaya mutanen gida. A Gumel in ba ka tambaya ba a ce ba ka da tarbiyya, a can in ka tambaya a ce haka. Wata rana kuma na shiga aski, wanzamin ya gama rabin kaina aka kira sallar La'asar. Ya ajiye injin, ya ja ƙofar shago, ya ce sai an idar. Haka na shiga sahu da rabin aski, na danne hula har kunne.

Ana cikin haka, ranar wata Juma'a muna fitowa daga masallaci wayar Kawu ta yi ƙara. Na ga ya tsaya cak a tsakiyar titi, ya ɗaga hannu sama. Anti Rabi ta sauka, namiji, tun kafin lokacin da likita ya ɗiba.

Washegari da yamma aka sallame su, muka je gidansu a unguwar Shumaisi da ƙullin Hajiya. Muna zaune a falo wata tsohuwar maƙwabciyarsu da ke kula da mai jegon ta fito da jaririn a naɗe. Kawu ya yi masa addu'a, sannan ya miƙo mini. Na karɓa a hankali. Ɗan mitsitsi ne, ja, da gashi kwance luf, ya damƙe hannu kamar mai shirin dambe. Daɗi ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don ga ni baƙo na riga ubansa ɗaukarsa. Daga cikin ɗaki Anti Rabi ta ɗaga murya.

"Mansur, an gode da ɗawainiya. Yaushe za ka sako mini Yayanka?"

"Kafin suna, Anti, da yardar Allah."

Lissafin a fili yake. Suna ranar Juma'a mai zuwa. Ƙaramin jirgin ruwan da ke kai ma'aikata teku ya dawo da wasu, Litinin da Alhamis kaɗai yake tashi. Iƙamata ta fito, abin da ya rage mini kawai awon lafiya na masu aikin teku, an ba ni safiyar Lahadi, don su Lahadi ce farkon makonsu. In na ci awon, in kama hanya a ranar, in hau jirgin Litinin, Yaya Haruna ya iso gida da kwanaki a hannu.

Lahadi da sassafe Kawu ya ce zai kai ni asibitin, amma sai mun biya ta kasuwar Aziziya ya sauke tumatir. Kasuwa ce ta sarin kayan lambu da 'ya'yan itace, ƙatuwa, ana ta ihu da harsuna iri-iri. Ya shigar da ni rumfar kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, wani tsoho mai farin gemu da ake kira Abu Nasir. Ya gabatar da ni, ya ce in zauna yana zuwa, ya fita wajen mota.

Tsohon nan ya miƙe da kansa, ya ɗauko butar gahawa da hagu da ɗan finjali a dama, ya zuba mini abin da bai fi cokali biyu ba. Na ce a raina wannan wace irin rowa ce. Na san ba a cin komai kafin awon jini, amma dattijo sa'an kakana ya tsaya a kaina yana miƙo mini abu da hannunsa, ta ina zan fara cewa a'a? Na ce kurɓi ɗaya ba zai yi komai ba. Na shanye. Ɗaci ne da ita, ga ƙamshin kayan yaji, sai da na bi ta da dabino. Na miƙa masa finjalin da hannu biyu kamar yadda aka koya mana a gida, in babba ya ba ka abu ka cinye tas ka mayar da ƙwarya ka yi godiya. Ya karɓa, ya sake zubawa, ya miƙo.

Na shanye, na mayar. Ya zuba. Na dafa ƙirji alamar na gode, ya yi murmushi ya zuba. Na ce bari in shanye da sauri ya ga na gama, ashe saurin nan shi yake nuna masa ina jin daɗinta. Kowane finjali kuma sai da dabino yake wucewa. Butar ta ƙare, na ce alhamdu lillahi, sai ya janyo wata daga kan wuta. Tun ina ƙirgawa har na daina. Kunnuwana suka fara zafi, zuciyata tana bugawa kamar ana daka, shi kuma tsohon yana tsaye yana canja ƙafa, goshinsa yana tsatsafo da gumi, bai zauna ba.

Kawu ya shigo yana goge hannu, ya ga tulin ƙwallayen dabino a gabana, ya ga buta ta biyu.

"Inna lillahi! Tun ɗazu sha kake yi? Girgiza finjalin, Mansur! Girgiza shi!"

Na ɗan karkaɗa finjalin a hannu. Nan take Abu Nasir ya karɓe shi, ya ajiye buta, ya zube a kan kujera da wani dogon nishi yana murza gwiwoyinsa. A mota Kawu ya yi mini bayani. A al'adarsu, muddin baƙo ya miƙo finjali bai girgiza ba, to ƙari yake nema, kuma mai zubawa ba ya zama sai baƙo ya sallame shi. Zuba kaɗan ɗin ma girmamawa ce, cika finjali kamar kora ne. Wato ni ina jin nauyin tsoho, tsoho yana jin nauyina, muka taru muka wahalar da juna.

Likitan wani ɗan Sudan ne, dogo, mai sanyin magana. Ya ɗaura mini abin awon jini a dantse, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya sa aka ɗebi jinina. Ya ce in miƙe hannuwana, suka yi ta karkarwa kamar na ɗan kwana uku da zazzaɓi. Jinina ya hau, sukari ya hau, bugun zuciya kuwa ba a magana. Na ba shi labarin rumfar Abu Nasir, ya yi dariya har da cire tabarau, amma ya ture takardar gefe.

"Na yarda da kai," ya ce, "amma abin da na gani zan sa wa hannu. Ka huta, ka dawo Talata da safe, cikinka ba komai."

Na roƙe shi. Na gaya masa zancen Yaya Haruna da jaririn. Da roƙo bai yi ba sai halina ya motsa, na ɗaga murya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in da ɗan'uwana ne a kan dandamalin, zan so a ba mai irin wannan hannun kujerar? Na tashi na fito.

Kiran Yaya Haruna shi ne abu mafi wuya da na yi a tafiyar nan. Na jira ya sauka daga aiki, na gaya masa komai ban rage ba.

"Saura na Alhamis ke nan," ya ce.

"Yaya, wallahi ban san..."

"Na sani. Ni ma an yi mini, sai dai ni ba ranar awo ba ce. Ka sha ruwa da yawa, ka yi barci. Kada ka sa abin a ranka, yana ƙara hawan jini."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na zauna a bakin katifa na rufe fuska, raina ya ɓaci ƙwarai.

Mutanen ɗakinmu kuwa kowa ya zama likita. Wannan ya jiƙa mini zoɓo ba sukari, wancan ya ce in haɗiyi tafarnuwa, wani ya ɓoye goron da ke ɗakin gaba ɗaya, aka hana kowa kunna rediyo. Litinin da yamma sai ga Abu Nasir da kansa a lungunmu, yana dogara sanda, bayan motarsa cike da kankana da kokwamba wai suna sanyaya jini. Kawu yana fassara mini. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin baƙo mai son gahawa kamata ba, har ya fara tunanin ko haka mutanen Nijeriya suke, gwiwoyinsa kuma har yanzu ba su yafe masa ba. Da Kawu ya gaya masa abin da ke kan layi, wato uba da sunan ɗansa na fari, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce ragon suna a wuyansa yake, kada wanda ya saya.

Talata na koma, cikina ba komai sai tsoro. Ina zama na ji zuciyata ta fara dakan nan, wannan karon ba gahawa, fargaba ce zalla. Likitan ya lura. Bai ɗauko abin awo ba, sai ya jingina ya ce in gaya masa yadda ake tsayar da jirgi a ruwa ba tare da an ɗaure shi ba. Na fara a daƙile. Can na manta da kaina, ina ta zuba, ina nuna masa da hannu yadda ba a kokawa da teku, sai dai a riƙa mayar mata da ɗan abin da ta tura, kaɗan-kaɗan, tun kafin ya yi yawa. Ban ma san lokacin da ya ɗaura mini abin a dantse ba. Ya duba, ya jira sakamakon jini, ya ɗauki biro ya sa hannu. Na kama hannunsa na yi ta jijjigawa.

Laraba ofis suka ba ni izinin shiga tashar ruwa, Kawu ya kai ni tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dammam, can gabas a bakin teku. Ya cusa mini ledar kokwamba, ya ce, "Ka turo mana Haruna, halas, shi ke nan, ba mu son wani labari." Tafiyar rabin yini ce cikin rairayi, sai raƙuma jefi-jefi, sai gonakin dabino wajen Hufuf. Wani magidanci da ke kujerar gefena ya buɗe fulas ɗin gahawa ya juyo wajena. Tun kafin ya zuba na kama girgiza hannu kamar mai korar ƙuda, 'ya'yansa suka yi ta dariya. Na kwana a gidan ma'aikatan kamfani tare da 'yan Indiya da 'yan Filifin, da asuba mota ta kai mu tasha.

Direban ƙaramin jirgin ya gaya mana tun a baki cewa iska za ta tashi bayan Azahar, saboda haka in ya sauke mu ba zai daɗe ba, wanda bai shirya ba sai Litinin. Muka yi ta sukuwa a kan ruwa har rana ta ɗaga, sannan dandamalin ya bayyana, ga jirginmu a gefensa tsaye kyam kamar an dasa shi, an miƙa gada daga jirgin zuwa dandamali ma'aikata suna kai da kawowa. Na hau, na gaida kyaftin a tsaitsaye, na haura ɗakin tuƙi da gudu.

Yaya Haruna yana kan kujera. Ya rame, gemunsa ya yi furfurar da ban san shi da ita ba. Jakarsa tana bakin ƙofa a ɗaure. Bai tashi ba, ya miƙo mini hannu idonsa yana kan allo.

"Sannu da zuwa. Ja kujera."

"Yaya, jirgin nan irin wanda muka yi aiki a kai ne a Fatakwal, na san shi. Tashi ka tafi, mutumin can ba zai jira ba."

"Ja kujera, Mansur."

Na zauna. Ya fara, a natse, kamar ba abin da ke gabansa. Ga inda iska take bugowa, ga yadda ruwa yake juyawa da rana. Farfela ta biyu ta gaba tana ɗaukar zafi in an matsa mata, a riƙa lallaɓa ta. Ma'aunin iska na hagu yakan yi ƙarya in ƙugiyar ɗaga kaya ta juyo ta gabansa. Akwai na'urar da ke auna tazara da hasken da take jefawa kan wani madubi a jikin dandamali, to ita wannan in ma'aikaci mai riga mai ƙyalli ya gifta sai ta saki madubin ta bi shi, in ba ka lura ba jirgi ya bi mutum. Rediyo ta yi ƙara, direban ƙaramin jirgi ne yana tambaya ina fasinjansa. Kyaftin ya roƙe shi ya ƙara haƙuri. Ni gumi har ya jiƙa mini riga.

"Don girman Allah, Yaya, sauran zan tambayi abokin aikinka!"

Ya nuna mini gadar da haɓa. "Waɗancan ma suna da 'ya'ya a gida. Saura kaɗan."

Ya nuna mini hanyar da zan janye jirgi in wuta ta ɗauke, ya sa na maimaita masa da bakina. Rediyo ta sake kira, wannan karon da faɗa. Sannan ya ɗauke hannunsa daga kan allo ya juyo ya dube ni, karo na farko tun shigowata, yana jira.

"Na karɓa," na ce.

Ya miƙe a hankali, ya dafa kafaɗata, na koma kujerarsa tana da ɗuminsa. Na ji ya ɗauki jaka, na ji ya buɗe ƙofa, amma ban ji ya fita ba.

"Mansur. An ce ka ɗauke shi."

"Na ɗauke shi, Yaya."

"Sun turo mini hotuna, na kalla har na haddace. Amma hoto ba ya nuna nauyi. Yaya nauyinsa yake?"

Na laluba abin da zan kwatanta masa da shi, na ce, "Kamar tiyar gero guda."

Ta gefen ido na ga ya ajiye jakar, ya tara hannuwansa biyu a gaban ƙirjinsa, ya ɗan ɗaga su ya sauke yana gwadawa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki jakarsa ya sauka da gudu. Ban ga tashin ƙaramin jirgin ba, don ba ni da ikon ɗauke ido daga allo, ƙarar injinsa kawai na ji tana nisa.

Iskar ta tashi bayan Azahar kamar yadda aka faɗa, har sai da muka janye gada muka matsa baya. Ban san ko sun kai gaci lafiya ba, ban san ko ya sami mota zuwa Riyad ba, kuma ba a taɓa waya a kan kujerar nan. Ranar Juma'a na yi aikina zuciyata tana Shumaisi. Sai da abokin aikina ya zo na yi masa bayani ya ce ya karɓa, sannan na sauka ɗakina na kunna waya, na tsaya kusa da taga inda saƙo yake ɗan shigowa. Na daɗe a tsaye kafin ta yi ƙara. Saƙo ɗaya ne, daga Yaya Haruna.

"Mansur, ba ka iya awo ba. Ya fi tiya."